Tsokaci a Kan Yadda Birnin New Orleans Yake Baje Al'adunsa ga Masu Yawon Buɗe Ido

Gabatarwa

Duk garin da ya mai da al'adunsa abin kallo ga baƙi ya ɗauki matsayin mawallafi, domin shi yake zaɓar abin da za a fara gani, da abin da za a gani daga baya, da wanda ba za a gani ba sam. Saboda haka ana iya yi wa tsarin yawon buɗe ido tarke kamar yadda ake yi wa littafi. A wannan maƙala za a duba birnin New Orleans na jihar Louisiana, a kudancin Amurka, wanda ya yi suna da kiɗan jaz da bikin Mardi Gras da tsofaffin gine-gine. Abin da ake son nunawa shi ne, tsarin da aka daɗe ana bi wajen zagayawa da baƙi a wannan birni ya raba fasaha da masu ita. Watau ana nuna kiɗa da rawa da girki, amma ana kau da idon baƙo daga kasuwar bayin da ta tara waɗanda suka ƙirƙiro su, da kuma unguwannin da jikokinsu suke zaune.

Unguwar Faransawa

Faransawa ne suka kafa birnin a 1718 a bakin kogin Misisipi. Ya koma hannun Sifaniyawa a shekarun 1760, sa'an nan Faransa ta sake karɓarsa, ta sayar wa Amurka da ɗaukacin yankin Louisiana a 1803 a kan dala miliyan 15. Inda ake fara kai baƙo shi ne tsohon gari, wanda ake kira Unguwar Faransawa. A nan zai ga Dandalin Jackson, da majami'ar St. Louis, da ginin Cabildo inda aka yi bikin miƙa mulki ga Amurka, da gidaje masu barandar ƙarfe. Sai dai sunan unguwar kansa yana da gyara, domin gobarar 1788 da ta 1794 sun cinye mafi yawan ginin Faransawa, abin da ya tsaya a yau an gina shi ne a zamanin Sifaniyawa da bayansa. Bugu da ƙari, bayi da 'yantattun baƙaƙe suna cikin magina da maƙera da kafintocin da suka yi aikin, amma sunan unguwar bai ba su rabo ba.

Babban giɓin ya fi wannan. Bayan da Amurka ta hana shigo da bayi daga ƙetare a 1808, sai fatake suka koma kwaso su daga jihohin Virginia da Maryland zuwa gandayen rake da auduga na kudu, New Orleans kuwa ta zama kasuwar bayi mafi girma a ƙasar. An sayar da mutum fiye da 100,000 a cikinta, a wurare fiye da 50, har da zauren otal ɗin St. Louis inda ake yin gwanjonsu. A nan aka sayar da Solomon Northup a 1841, wanda ya rubuta tarihin bautarsa a 1853. Duk da haka, sai a wajejen 2018, da birnin ya cika shekara 300, aka himmatu wajen kafa allunan tarihi a waɗansu daga cikin waɗannan wurare. Inda kuma aka saba ambaton bauta, sau da yawa akan juya ta ta zama almara. Alal misali, gidan Madam LaLaurie da ke titin Royal, inda gobarar 1834 ta tona asirin bayin da ake azabtarwa a ɗaure, ya zama zangon masu yawon dare da ake ba labarin fatalwa. Baƙo ya biya kuɗi, ya ji tsoro, ya yi dariya, ya wuce. Azabar da ta faru da gaske an mai da ita tatsuniya ke nan.

Dandalin Kwango

A bayan tsohon gari akwai filin da ake kira Dandalin Kwango. Dokar Faransawa ta 1724 ta ba bayi hutun Lahadi, a 1817 kuma hukumar birni ta taƙaita taronsu ga wannan fili kaɗai. A nan suke ciniki da kiɗa da rawa. Wani mai zanen gini, Benjamin Latrobe, ya ga taron a 1819, ya zana ganguna da wani abin kiɗa mai tsirkiya da jikin ƙwarya, wanda a siffa bai yi nisa da gurmi ba. Binciken Gwendolyn Midlo Hall ya nuna cewa mafi yawan 'yan Afirka da aka kawo a zamanin Faransawa daga yankin Senegal da Gambiya suka fito, daga baya mutanen Kwango suka yawaita, kuma a cikin takardun da ta tattara akwai bayin da aka rubuta ƙabilarsu da sunan Hausa.

Masu jagorar baƙi sukan ce a wannan fili aka haifi jaz. Mai nazari ba zai karɓi wannan magana yadda take ba. Taron Lahadi ya mutu tun kafin ƙarshen yaƙin basasar Amurka a 1865, jaz kuwa bai bayyana ba sai a wajejen 1900, a zamanin su Buddy Bolden. Abin da ya haɗa biyun shi ne 'yan badujala, da waƙoƙin majami'u, da ƙungiyoyin taimakon juna na baƙaƙe waɗanda suke tara kuɗin jinya da na jana'iza, su raka mamaci da kiɗa. Idan aka tsallake waɗannan, sai kiɗan ya zama kamar abin da ke cikin jini, alhali kuwa aiki ne na jama'a mai tsari da koyarwa. Haka kuma layar da ake kira girigiri, wadda asalinta a Afirka ta Yamma rubutu ne da ake ɗinkewa cikin fata, ta zama tsarabar kanti a shagunan da suke cin kasuwa da sunan Marie Laveau, shahararriyar mai bautar Vudu da ta rasu a 1881.

Mardi Gras da Unguwar Tremé

Mardi Gras, watau Talata mai maiƙo, biki ne da ake yi kafin azumin Kirista na kwana 40. Abin da hotunan talla suke nunawa shi ne motocin ado da cunkoson titin Bourbon. Amma bikin kashi biyu ne. Ƙungiyoyin farko, kamar Comus ta 1857 da Rex ta 1872, na manyan fararen fata ne. Baƙaƙe suka kafa tasu mai suna Zulu a 1909, wadda ta naɗa Louis Armstrong sarkinta a 1949. Da majalisar birni ta yi dokar hana wariya a cikin ƙungiyoyin a 1991, Comus ta gwammace ta daina fita titi. A gefe guda kuma akwai Indiyawan Mardi Gras, baƙaƙen da kowannensu yakan shekara yana ɗinka rigarsa da hannu, da gashin tsuntsu da duwatsun ado, su fito a unguwanninsu ba tare da motar ado ba.

Cibiyar wannan biki na biyu ita ce titin Claiborne a unguwar Tremé, titi mai manyan itatuwa da shagunan baƙaƙe. Daga 1966 aka sare itatuwan, aka ɗora babbar hanyar mota ta sama a kansa. Makamanciyarta da aka shirya bi da ita ta bakin Unguwar Faransawa kuwa an soke ta a 1969, bayan masu kare tsofaffin gine-gine sun yi tsayin daka. Haka nan aka rushe gidaje da yawa na Tremé a filin da ya zama lambun tunawa da Armstrong, wanda aka buɗe a 1980. An kare inda ake sayar da al'ada, an rushe inda ake yin ta. Guguwar Katrina ta 2005 ta ƙara fito da wannan bambanci: ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin, Unguwar Faransawa da ke kan tudu ta tsira, yawan jama'a kuwa ya sauko daga kimanin 485,000 a 2000 zuwa 344,000 a 2010, kuma mafi yawan waɗanda ba su dawo ba baƙaƙe ne.

Abin da Aka Gyara

Adalci ne a faɗi cewa yawon buɗe ido ya ciyar da makaɗa masu yawa, kuma zauren Preservation Hall, wanda aka buɗe a 1961, ya raya tsofaffin makaɗan jaz a lokacin da aka kusa mantawa da su. A 2011 aka tabbatar wa Dandalin Kwango sunansa a hukumance, bayan ya daɗe yana ɗauke da sunan Janar Beauregard na rundunar masu kare bauta. A 2017 aka sauke mutum-mutumin wannan janar da na Robert E. Lee da na Jefferson Davis. Mafi muhimmanci shi ne gandun Whitney da ke wajen gari, wanda aka buɗe a 2014, masanin tarihi ɗan Senegal, Ibrahima Seck, ya jagoranci bincikensa. A yawancin gandaye gidan ubangiji ake fara nuna wa baƙo, da kujerunsa da fitilunsa. A Whitney kuwa sunayen bayi da ɗakunansu ne kan gaba, har da abin tunawa da tawayen 1811. Gini iri ɗaya ne, jerin gabatarwa ne ya bambanta, ma'ana ta sake gaba ɗaya.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa yawan abin kallo ba shi ne ma'aunin da za a auna irin wannan birni da shi ba. Ma'aunin tambayoyi uku ne: wa ya yi abin da ake nunawa, an ambaci sunansa, kuma jikokinsa suna iya zama a inda aka yi shi? New Orleans ta fara amsa ta farko da ta biyu a 'yan shekarun nan. Ta ukun ita ce mai wuya, domin allon tarihi ba ya biyan kuɗin haya. Idan maɗinkin rigar Mardi Gras da ɗan badujala suka kasa zama a Tremé, to abin da zai rage wa baƙo kwaikwayo ne kawai, ko da kuwa an ƙawata shi fiye da na asali.