Fuskar Woɗaaɓe a idon baƙo da na mai gida

Cikin hotunan Nijar da suka fi yawo a duniya akwai na saurayin Woɗaaɓe, waɗanda Hausawa ke kira Bororo: fuska shafe da jan ƙasa, leɓɓa baƙi ƙirin, idanu a zare, haƙora a waje. Littafin Carol Beckwith da Marion van Offelen, Nomads of Niger, na 1983, ya kai wannan siffa gidajen Turai da Amurka. A 1989 Werner Herzog ya fito da fim ɗinsa kan Woɗaaɓe, ya aza waƙar coci ta Ave Maria bisa rawar samarin. Daga nan mai kallo ya daina jin muryar masu rawa, sai abin da Bature ya so ya ji.

Fassarar da ta bi bayan haka ita ce wai gasar kyau ce ta maza masu kwalliyar mata. Wannan karatu gajere ne. Mette Bovin, masaniya ƴar Danmak wadda ta daɗe tana bincike a gabashin Nijar, ta nuna a littafinta na 2001 cewa kowane ado yana da aikinsa. Zare ido da yage baki nuni ne ga farin ido da farin haƙori. Layin da ake ja daga goshi zuwa haɓa yana ƙara wa hanci tsawo. Gerewol kuwa karawa ce tsakanin zuri'a biyu, kuma ƴan mata ne alƙalai. Hoto yana yanke fuska guda daga sahu, ya bar zuri'ar da alƙalan a waje.

Sai dai mutumin gari bai kamata ya yi wa Bature dariya ba. Wanda ke ganin Bororo a kasuwar Diffa ko Maine-Soroa yakan tsaya kan kitso da kwalli, ya yanke hukuncin ƙauyanci ko ƙarancin addini. Shi ma fuskar ya gani, bai ga sahun ba.

Tun harin Boko Haram na Fabrairun 2015, wani hoto ya rufe wancan: bukkokin ƴan gudun hijira a gefen babbar hanya. Gonakin tattasai na bakin Komadugu ba su cika shiga kamara ba. Malamin da ya ɗaga ɗayan hotunan nan a aji, ya dace ya fara tambayar ɗalibai wa ya ɗauka, wa aka ɗauka dominsa, da abin da ke bayan mai kamarar.