Riƙo da Miƙa Ragama: Nazarin Tarbiyyar Wusasa Tsakanin Manya da Yara

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka tashi maganar Hausawa Kirista na Wusasa, kusan hanya ɗaya masu rubutu suke bi. Sai a ambaci Likita Walter Miller na ƙungiyar mishan ta C.M.S., sa'an nan a jero sunayen manyan mutanen da suka fito daga makarantar da ya kafa, a ce ga shaidar kyakkyawar tarbiyya. Manufar wannan takarda ita ce ta ɗora wannan hanyar ba da labari a kan sikeli. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, jerin sunaye bai isa ya zama ma'aunin tarbiyya tsakanin babba da yaro ba. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne ko babban ya yarda ya miƙa ragama tun yana da sauran ƙarfi.

Wannan ma'auni ba baƙo ba ne ga ikilisiya. A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, Manzo Bulus ya umarci almajirin nasa da ya danƙa abin da ya koya ga amintattun mutane, waɗanda su ma za su iya koya wa wasu. Wato tsara huɗu ke nan a cikin umarni guda. Haka kuma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake zaune a Sifawa, cikin ƙasar Bodinga ta yau, ya raba sha'anin mulki a 1812 tsakanin ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, shi kuwa ya koma ga karantarwa. Da wannan mudu ne za mu auna.

2.0 Yadda Riƙon Ya Kasance

Likita Mila ya fara koyon Hausa a Tarabulus. A 1900 yana cikin ayarin Bishop Tugwell da ya isa Kano, Sarkin Kano Alu ya sallame su, suka koma Girku. A 1905 ya sami zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Da yake gwamnatin Turawa ta taƙaita wa 'yan mishan wa'azi a ƙasashen sarakunan Musulmi, sai gidan Likita ya zama shi ne makaranta, shi ne kuma majami'a. Yara kaɗan ne, suna kwana suna tashi tare da shi, suna koyon boko da lissafi da Ingilishi da Littafi Mai Tsarki.

In an lura, wannan tsari ya yi kama da abin da Bahaushe ya sani na riƙo da almajirci, inda yaro yake koyon hali daga ganin yadda malaminsa yake ci da sha da karɓar baƙo, fiye da yadda yake koya daga allo. Amma akwai bambanci babba. Almajiri in ya sauke, gida yake komawa a yi masa walima. Yaron mishan kuwa sau da yawa karatunsa ne yake raba shi da danginsa, har ya zamana ba shi da inuwar da ta wuce ta mai riƙonsa. Wanda duk rayuwarsa take hannunka, da wuya ya ce maka ka yi kuskure.

Abin da ya rage kaifin wannan matsala shi ne zuwan Isawa, wato mabiyan Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka nemi Likita Mila, aka kafa musu mazauni a Gimi. Ciwon barci ya yi musu ɓarna ƙwarai, waɗanda suka tsira suka dawo Zariya. Su dai da iyalansu suka zo, da dattawansu da al'adarsu ta karatu. Saboda haka lokacin da aka mai da mishan Wusasa a 1929, yaro yana da kawu da gwaggo da zai je wurinsu, ba Bature kaɗai ba.

3.0 Abin da Jerin Sunaye Yake Ɓoyewa

Ba wanda zai musa girman sunayen. Likita R. A. B. Dikko ya yi karatu a Jami'ar Birmingham ta Ingila, shi ne likita na farko daga Arewa, kuma yana cikin shugabannin farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa. Farfesa Ishaya Audu ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon, wanda mahaifinsa mai bishara ne na C.M.S., a Wusasa ya tashi. Sai dai jerin yana rufe abubuwa uku.

Na farko, yana nuna kamar ilmi daga sama kawai yake gangarowa. Juyin Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932 da sunan Likita Mila aka fi saninsa. To amma Hausar da Bature ya koya da girmansa ba ta isa ta fid da aiki irin wannan ba, sai da kunnen waɗanda suka sha ta a nono. Wanda yake malami da safe a ajin lissafi, shi ne almajiri da yamma a teburin juyi. Labarin kuwa daga bakin babba ya fi zo mana, alal misali littafinsa Reflections of a Pioneer na 1936, wanda sunansa ma ya riga ya sa shi a gaba. Mai nazari yana bukatar ya karanta irin waɗannan littattafai yana tambayar kansa, wa ya riƙe fitila sa'ad da ake wannan rubutu?

Na biyu, jerin yana raina abin da ba muƙami ba. John Tafida na Wusasa shi ne ya rubuta Jiki Magayi tare da R. M. East, ɗaya daga cikin littattafan da suka biyo bayan gasar ƙaga labarai ta 1933. Babu wa'azin mishan a cikinsa, duniyar Hausawa Musulmi ce zalla. Amma jigonsa ya shafi takardarmu kai tsaye. Malam Shaihu ya yi amfani da dukiya ya raba Abubakar da Zainabu, Abubakar ya nemo asiri ya lalata yaron da aka haifa, wato Kyauta, ya mai da shi ɓarawo, har ya kai ga kashe mahaifinsa. Manya biyu suka yi rigima, yaro ya biya bashi. A ganina wannan littafi ya fi kowane muƙami nuna nasarar riƙon, domin ya tabbatar cewa ɗan makarantar mishan bai rasa harshensa da tunaninsa na Bahaushe ba, kuma ya san cewa babba yana iya zama masifa ga yaro.

Na uku, jerin kusan duk maza ne. Wasiƙar Bulus zuwa ga Titus ta ɗora wa tsofaffin mata nauyin koyar da 'yan mata, kuma a ikilisiyoyin Arewa Zumuntar Mata ce ta ɗauki wannan nauyi, da waƙoƙin Hausa da ziyarar mai jego da zaman makoki. Tarihin da ya tsallake wannan, rabin labari ya bayar.

4.0 Miƙa Ragama

A nan ne mudun namu yake nuna giɓi. An kafa dayosis ɗin Angilikan na Nijeriya ta Arewa a 1954, shekara biyu bayan rasuwar Likita Mila, bishop ɗinsa na farko kuwa Bature ne, John Mort. Wusasa ba ta sami dayosis nata ba sai a 1997. Wato mafi hazaƙar yaran gidan sun tafi asibiti da jami'a da soja da ofis, jagorancin ikilisiyar da ta rene su kuwa ya daɗe a hannun wasu. Adalci ya sa a faɗa cewa Hausawa Kirista kaɗan ne, kuma a wancan lokaci yawancin 'yan Angilikan na Arewa mutanen Kudu ne mazauna Sabon Gari. Duk da haka, tarbiyyar da ta iya fid da likita ya kamata a tambaye ta me ya hana ta fid da magaji da wuri.

Kwatanci da ƙungiyar S.I.M. yana da amfani, wato wadda ta shigo ƙasar Sakkwato ta ƙofar asibitin kutare na Amanawa a shekarun 1930. Ita ta fi mai da hankali ga makarantun Littafi Mai Tsarki na Hausa, masu fid da masu bishara na ƙauye. An kafa E.C.W.A. a 1954, a 1976 kuma S.I.M. ta miƙa mata ayyukanta. Byang Kato, mutumin Kwoi da aka haifa a 1936, ya zama babban sakatarenta a 1967, yana da shekara talatin da ɗaya. Ya rasu a 1975 bai cika arba'in ba, amma da yake an ba shi ragama da wuri, ya bar aikin da ake nazari har yau. Da an jira ya yi furfura, da ba a sami kome ba.

5.0 Kammalawa

Wannan magana ba ta tarihi kaɗai ba ce. A biranen Arewa matasa Kirista da yawa suna karkata ga sababbin ikilisiyoyi masu sujada da Ingilishi, sujadar Hausa tana zama ta dattawa. Ƙananan ikilisiyoyi na ƙasar Sakkwato da Kano da Katsina ba su da yawan da za su jure asarar tsara guda. Gaskiya ne abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma babban da ya ƙi sauka daga kujera, hangen nasa da shi za a binne. Darasin Wusasa shi ne, riƙo na gari yana da sharaɗi uku: a bar yaro da danginsa da harshensa, a yarda cewa shi ma yana koyar da babba, kuma a danƙa masa aiki na gaske tun mai danƙawar yana raye, yana iya gyara masa. Ga masu nazari kuma, aikin da ya rage shi ne tattara labarin daga bakin waɗanda aka riƙe, maza da mata, tun tsofaffin da suka sani suna nan, domin ba a fafe gora ranar tafiya.