African Apocalypse: da idon wa muke kallon Voulet?

A shekarar 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Paul Voulet da Julien Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa ta nufi tafkin Cadi. Ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu cikin Afrilu, ta ƙone Birnin Ƙonni cikin Mayu. Wannan sawu ne Rob Lemkin ya bi a fim ɗinsa na tarihi, African Apocalypse (2020), inda Femi Nylander, matashi ɗan Ingila mai tushe a Najeriya, yake tafe da jagorancin Amina Weira da Assan Ag Midal Boubacar.

Ƙarfin fim ɗin yana wurin da baƙo ya yi shiru, dattawa suka faɗi abin da kakanninsu suka gani. Akwai kuma inda masu jagora suka tuhumi Nylander da rashin nuna juyayi. Shi yana tattara shaida ne. Su kuwa sun kawo shi gidan makoki, inda ta'aziyya ke gaba da tambaya. Lemkin ya kyauta da bai yanke wannan saɓani ba.

Rauninsa shi ne littafin Joseph Conrad, Heart of Darkness, wanda Nylander ke riƙe da shi ko'ina, yana auna Voulet da Kurtz. Wannan ma'auni yana mai da kisan kiyashi haukan mutum guda. Tarihi bai yarda ba. Voulet ya riga ya ci Wagadugu da wuta a 1896, aka yaba masa, aka ba shi babbar runduna. Bayan ya sa an harbe kanar Klobb a Dankori ranar 14 ga Yuli, sojojinsa suka kashe shi da Chanoine, amma rundunar ba ta koma gida ba: kafin watan ya ƙare ta ci Damagaram. Mahaukaci ya mutu, aikinsa ya ci gaba.

Saboda haka malamin da zai nuna wa ɗalibai fim ɗin, a Bobiel ko a Ƙonni, ya haɗa shi da Sarraounia na Med Hondo (1986), wanda aka ɗauko daga littafin Abdoulaye Mamani. Sannan ya tambaye su: a cikin biyun, wa ya bar mutanen Lugu suka bayyana yaƙinsu da ma'auninsu?