Isnadin Maƙala

Akwai daga cikin malamai, har da waɗanda ake jin maganarsu, masu cewa ƙa'idojin jera manazarta a ƙarshen maƙala aikin akawu ne, wai ba ya kyautuwa mai ilimi ya ɓata lokacinsa yana tantance inda waƙafi zai sauka, alhali ilimin yana cikin matani. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin duk wanda ya taɓa yini a ɗakin karatu yana neman maƙalar da aka ambata ba tare da lambar mujalladi ba, ya san abin da sakacin marubuci yake jawo wa na bayansa.

Tarihin abin gajere ne. A 1881 Edward Mark na Jami'ar Harvard ya haɗa sunan marubuci da shekara, a 1929 aka buga ƙa'idojin da suka zama tsarin APA, a 1978 kuma editocin mujallun likitanci suka taru a Vancouver suka zaɓi bin lambobi, tsarin da ba na so, saboda yana ɓoye mai magana a bayan lamba.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne ajiye shekara dab da suna. Ɗauki maƙalar F. W. Parsons kan aikatau na Hausa: suna ya fara zuwa, sai 1960 cikin baka biyu, sai kan maƙalar, sa'an nan sunan mujallar, Afrika und Übersee, da rubutun tsutsa, sai mujalladi na 44 da shafi na 1 zuwa 36. Tun kafin mai karatu ya kai ga kan maƙalar ya riga ya san wane ne ya faɗa, kuma a wane zamani, ta yadda idan wani ya zo daga baya da ra'ayin rukunonin aikatau, ba sai an yi jayayya a kan wanda ya riga wani ba. Malaman hadisi ma da shekarun wafati suke gane ko mai riwaya ya riski shaihin da yake da'awar ya ji daga bakinsa.

Hakika wannan fanni isnadi ne, mu kuwa ba baƙinsa ba ne, tun da Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ida'un Nusukh musamman don ya lissafa shaihunan da ya yi karatu a wurinsu. Saboda haka ne nake ganin aibi guda a tsarin APA, wato taƙaita sunan yanka zuwa harafi ɗaya, wanda yake mai da Sa'adu Zungur "Zungur, S.", sunan gari ya zama na mutum, ga kuma tarin marubutan da duk za su taru a ƙarƙashin "Muhammad, A." Haɗibul Bagadadi littafi sukutum ya rubuta don rarrabe maruwaita masu suna ɗaya, kuma da editocin mujallunmu za su yarda a riƙa rubuta sunan yanka cikakke kamar yadda tsarin Chicago yake yi, da an kauce wa wannan shubuha ba tare da an taɓa matsayin shekara ba.