Jinjina ga 'Yan Gayya

Masana na ta muhawara, wai jari-hujja ce ta haifi haɗa hannu a gina manhaja kyauta irin Linux, wadda aka fara a 1991, shekarar da aka ƙirƙiri Jigawa. Su leƙo ƙauyukan Jahun a Jigawa da damina su ga gayya.

Tun kafin zuwan Bature ake gayya. Samari su saɓi fartanya su afka gonar dattijon da ƙarfinsa ya ƙare, makaɗi na zuga su, mata tun asuba suna daka fura. Babu mai ƙirga kunyoyin da ya nome. Ladan kawai tuwo da "Allah ya yi albarka". Ƙwadago ya rage gayya, amma da babu ita, ciyawa ce za ta cinye geron marar lafiya. Sannunku da aiki!