Takobi da Allo: Hoton Bahaushe a cikin Ganɗoki da Shaihu Umar

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin jagorancin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai cikin Hausar boko. Daga wannan yunƙuri ne aka sami littattafan nan biyar da manazarta suke ɗauka a matsayin tubalan farko na ƙagaggen zube: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East kansa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta ɗauki biyu daga cikinsu, wato Ganɗoki da Shaihu Umar, waɗanda aka buga a 1934, ta duba irin amsar da kowannensu ya bayar ga tambaya guda: bayan Turawa sun ci ƙasa da yaƙi, wane irin mutum ne ɗan wannan ƙasa zai ce shi ne? Tambayar tana da nauyi, domin littattafan sun daɗe a manhajar makarantu. Hukumar NORLA a shekarun 1950, sa'an nan Kamfanin NNPC daga 1966, sun yi ta sake buga su, har ya zama ɗalibai masu ɗimbin yawa daga cikinsu suka fara sanin yadda kakanninsu suka rayu kafin zuwan Bature.

2.0 Zubi guda, murya biyu

Abu na farko da mai nazari zai lura da shi shi ne littattafan biyu sun yi tarayya a wajen zubi. A kowannensu tsoho ne yake zaune, na ƙasa da shi suka kewaye shi, yana ba su tarihin rayuwarsa da bakinsa. Yara ne suke sauraron Ganɗoki. Almajirai ne suke sauraron Shaihu Umar a garin Rauta, kusa da Bauchi. Wannan tsari gado ne daga hira da tatsuniya, inda babba yake miƙa wa yaro abin da ya gani. Amfaninsa ga marubuci shi ne yana zaunar da mai karatu a sahun yaran nan, inda al'ada ba ta ba shi damar musu ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Saboda haka duk abin da tauraron ya kira jaruntaka ko mutunci, haka mai karatu zai karɓe shi.

Marubutan kuwa ba tsara ba ne. An haifi Bello Kagara wajen 1890, ya yi wayo kafin faɗuwar Kwantagora a 1901, ya kuma koyar a Kwalejin Katsina shekaru masu yawa. Abubakar Tafawa Ɓalewa an haife shi a 1912, ya tashi ya tarar da mulkin Turawa ya kafu, kuma bai daɗe da gama wannan kwaleji ba ya rubuta littafinsa. Ɗaya ya ga ƙurar dawakin da yake ba da labarinsu, ɗayan kuwa jin labarin ya yi.

3.0 Ganɗoki: ramuwa da alƙalami

Ganɗoki barde ne na Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse. Kashin farko na littafin ya bi sawun tarihi sosai: faɗuwar Kwantagora, hijirar Sarkin Musulmi Attahiru bayan an ci Sakkwato a watan Maris na 1903, da yaƙin Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Daga nan sai labarin ya bar doron tarihi, Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka nausa gabas, suka shiga ƙasashen aljannu da na masu bautar gumaka, suna yaƙi suna cin nasara.

An sha kallon wannan sauyi a matsayin rauni a tsarin littafin. Amma idan aka yi la'akari da jigon, za a ga nan ne zuciyar aikin take. Takobi da mashi sun kasa a gaban bindigar Bature, kuma babu marubucin da zai iya sake wannan tarihi alhali waɗanda suka halarci Burmi suna raye. Abin da Bello Kagara ya yi shi ne ya kai tauraronsa inda takobi yake da sauran amfani, ya ba shi nasarar da tarihi ya hana shi. Kirarin da Ganɗoki yake yi wa kansa, mai amo irin na maroƙan fada, shi ne yake riƙe da wannan hoto: an ci ƙasa, amma ba a ci zuciyar namiji ba. Yaron da ya karanta littafin a 1934 ya sami abin da zai ɗaga kai da shi a gaban malaminsa Bature.

Sai dai wannan hoto yana da farashi. Mutanen da aka kai wa hari a littafin, ko a ƙasar Kwantagora ko a ƙasashen gabas, taro ne kawai na arna, ganima ce da ake auna girman jarumi da ita. Mai karatu ba ya jin kukansu, domin mai ba da labarin bai tsaya ya saurara ba.

4.0 Shaihu Umar: haƙuri da ƙaddara

Shaihu Umar ya ɗauki wannan zamani ɗin ne ta fuskar wanda aka kama. Mijin uwar Umar, Makau, bafade ne da aka yi wa ƙazafin ɓoye bayi bayan wani hari a ƙasar Gwari, aka kore shi daga gari. A cikin wannan rikici aka sace Umar yana ƙaramin yaro, ya yi ta faɗawa daga hannu zuwa hannu har ya isa Kano, inda wani Balarabe, Abdulkarim, ya ɗauke shi ya ƙetare Sahara da shi zuwa Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Uwarsa kuwa ta fito nemansa, aka yaudare ta aka sayar, ta sha wuya iri iri, ta rasu a Tarabulus jim kaɗan bayan ta sadu da ɗan nata.

Darajar wannan labari tana ƙara bayyana idan aka tuna da lokacin da aka rubuta shi. Dokar Lugga ta 1901 ta hana hari da cinikin bayi, ta kuma 'yanta yaran da aka haifa daga wannan shekara, amma sai a 1936 aka soke bauta ɗungurungum a Arewa. Ke nan lokacin da littafin ya fito akwai bayi a gidaje da rumada, akwai kuma iyayen gijinsu. Saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya nuna wa irin wannan jama'a cewa ɗiya ma tana iya wayan gari a kasuwar bayi, kuma fadar da take cin ribar hari ita ce matattarar hassada da ƙazafi. Salonsa mai sanyi ne, babu kirari babu kururuwa, kuma wannan sanyi shi ya ƙara wa labarin zafi.

Tauraron da ya gina shi ne irin mutumin da Kirk-Greene ya siffanta a nazarinsa na 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa: mai haƙuri, mai gaskiya, mai kunya da riƙon amana. Asalin Umar bai ɗaukaka shi ba, takobi ma bai ɗaukaka shi ba. Ilmi da hali ne suka ɗaukaka shi. Ga marubucin da shi kansa bai fito daga gidan sarauta ba, wannan magana ce mai nisa, kuma masu karatu da yawa sun riƙa hango surar Firayim Minista a jikin Shaihun, musamman bayan kisan gillar da aka yi masa a watan Janairu na 1966.

Duk da haka akwai inda littafin ya tsaya. Ya nuna mugun bafade da mayaudarin fatake, amma bai tuhumi tsarin da ya haife su ba. Bautar da ta kashe uwa ita ce hanyar da ta kai ɗa ga ilmi, sa'an nan ƙaddara ta rufe zancen. Gwarawan da Makau ya kamo kuwa, waɗanda su ma suna da uwaye, lissafinsu kawai aka yi. Tausayin labarin ya ƙare ne a kan Musulmi ɗa da aka bautar bisa zalunci. A nan Shaihu Umar da Ganɗoki suka haɗu, duk da nisan da ke tsakaninsu.

5.0 Kammalawa

Littattafan nan biyu sun bar wa Bahaushe madubi biyu: barde wanda ba ya sarewa, da malami wanda ba ya ƙorafi. Dukansu sun yi aiki a lokacin da jama'a take bukatar abin da za ta dafa ta miƙe. Ƙarfin hoton na biyu ya sa Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo wanda aka buga a 1975, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976, bayan fassarar Ingilishi da Mervyn Hiskett ya yi a 1967.

Amma al'umma tana koyon ko ita wace ce daga wanda labari ya ba baki, tana kuma koyo daga wanda ya hana. Jikokin waɗanda suka kai hari da jikokin waɗanda aka kai wa harin suna zama a aji ɗaya, suna karanta shafi ɗaya, da yawansu kuma Hausa ce harshensu na farko. Idan malami ya tsaya ga fitar da jigon jaruntaka da jigon haƙuri, to rabin ajin ya koyar. Abin da ya kamata shi ne, bayan ɗalibai sun gama sauraron tsohon da ke ba da labari, a tambaye su yadda labarin zai kasance da a ce wata Bagwariya daga cikin bayin Makau ce take ba da shi. Littattafan suna da ƙwarin da za su ɗauki wannan tambaya, kuma irin wannan karatu shi ne girmamawar da ta dace da marubutan da suka share hanya.