Gobara ba ta gyara labari

Duk wanda ya taɓa karanta littafi a rediyo ya san abin da marubuci shi kaɗai a ɗaki ba ya gani: wurin da labari ya saki. Mai sauraro a New Bell ko Sodiko yana jin ka ne yana ciniki, ko tana tuƙin tuwo. Minti biyu kacal labari ya tsaya cak, ka rasa shi. Da wannan kunnen nake karanta littattafan matasanmu, musamman masu rubutu a waya shafi-shafi, kuma ciwon da na fi gani guda ne: sun ɗauka tara masifa shi ne ƙulla labari. Zaren ya ƙare? A kawo hatsarin mota. Ya sake ƙarewa? A kawo aljani, ko mantuwa, ko wani ɗan'uwa daga Ingila da ba a taɓa ambata ba.

Su koma wajen Balaraba Ramat Yakubu, su buɗe Alhaki Kuykuyo Ne na 1990. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai ƙuntata wa gidansa. Ya auro Delu, rikici ya tashi, ya kori Rabi da 'ya'yansu tara. Dubi yadda kowane mataki ke haifar da na gaba. Korar ce ta tilasta wa Rabi sayar da abinci, sana'ar ce ta tsayar da ita da ƙafarta, shi ya sa ranar da aka matsa mata ta koma, komawar take da zafi ga mai karatu: yanzu tana da abin da za ta rasa. Delu kuwa tun shigowarta an nuna mana dukiya ta biyo, don haka watsewar aurenta ba ta zo mana a ba-zata ba.

Amma a littafin ma ina da ƙorafi. Gobarar kasuwa da ta cinye shagon Alhaji ba halinsa ne ya haddasa ta ba, daga waje ta faɗo. Na san amsar: sakayya ce, sunan littafin ma ya faɗa. To, na yarda. Sai dai abin da ya cece ta shi ne ba ta ƙirƙiro komai ba, asirin abin da aka riga aka shuka kawai ta tona. Masu kwaikwayo sun ɗauki gobarar, sun bar shukar.

Abubakar Imam ya san wannan tun a Magana Jari Ce. Aku ba don nishaɗi yake zuba wa Musa labarai ba, so yake ya tsare shi a gida har gari ya waye, ga Waziri can yana ƙulla makirci. Kowane labari da aikinsa, kuma ana jin lokaci yana tafiya.

Kafin marubuci ya kashe wani a babi na 40, ya duba ko akwai abin da ya faru a babi na 5 da ya jawo mutuwar. A rediyo, in babu, masu kira ne ke fara tambayata daga ina wannan ya fito.